Fim Ɗin Bebe Da Makaɗinsa: Abin Da Na Gani A Tsakar Gidanmu Na Williamsville

Gidan da nake haya a Williamsville, cikin yankin Adjamé na birnin Abijan, irin gidan haɗakar nan ne da ake kira kur: ɗakuna a jere sun kewaye tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya, igiyar shanya ɗaya. Mu Hausawa ɗaki uku ne. Sauran akwai Jula, akwai Baule, akwai Mosi daga Burkina. Kowa da yarensa, in magana ta haɗa mu sai a koma Julanci ko Faransancin titi. Shi ya sa duk fim ɗin da aka kunna a tsakar gida sai an bar wani a baya. In na Kano ne, matar maƙwabcina Baule sai ta tattara tabarmarta. In wasan Gohou ne, tsohon da ke ɗakin ƙarshe, mutumin Tawa wanda ya haura shekara hamsin a garin nan amma Faransancinsa bai wuce na ciniki ba, sai ya kama gyangyaɗi.

Wani daren Asabar na fito da kwamfutata na ɗora a kan benci, na haɗa mata ƙaramar sifika, na kunna wa yara City Lights na Charlie Chaplin, wanda a nan muke kira Sharlo kamar yadda Faransawa ke kiransa. Ba wanda ya tashi har aka gama. Tsohon nan, da duk gidan ke kira Baba, ya yi dariya har sai da ya cire hularsa ya goge ido da ita.

Da mako ya zagayo sai wani yaron gidan ya kawo nasa a salula, wai shi ma ya samo irinsa. Guntaye ne na tsofaffin finafinan barkwanci da wani ya harhaɗa a intanet, ya ɗora musu sauti daga ransa. Duk wanda ya faɗi sai ka ji ƙarar roba, duk wanda aka mara sai ka ji gwangwani, bayan kowane motsi kuma sai wata dariyar taron mutane da aka naɗa ta ɓarke. Yara sun yi dariya, ba zan ɓoye ba, har ma sun fi saurin yin ta. Amma Baba bai yi minti biyar ba ya miƙe. Na ce, "Baba, yau ba a kallo?" Ya ce, "Ɗana, wannan ai an riga mu dariyar. Me ya rage mana?"

Maganar nan tasa ita ta sa ni wannan rubutu. Abin da nake son in nuna shi ne, sautin da ake ɗora wa wasan barkwanci na jiki iri biyu ne. Akwai mai maimaita abin da ido ya riga ya gani, akwai mai kawo abin da ido bai gani ba. Na farkon yana cinye dariya, na biyun yana ƙara mata nauyi. Kuma mafi kyawun misalin na biyun da na sani, a nan ƙetaren ruwa aka yi shi, a Treichville, da bakin wani ɗan Nijar.

Da farko ya kamata mai karatu ya san cewa finafinan da ake kira bebaye ba a cika kallon su cikin shiru ba. Tun daga 1895 da 'yan'uwan Lumière suka nuna ɗan gajeren fim ɗinsu na mai ban ruwan lambu da yaro ya taka masa tiyo, har zuwa 1927 da The Jazz Singer ya buɗe ƙofar fim mai magana, faifan fim hoto kawai yake ɗauke da shi. Sauti a cikin zauren silima ake yin sa, a gaban mutane. Ƙaramin gida ya ɗauki mai kaɗa piyano guda. Babban gida ya ɗauki ƙungiyar makaɗa sukutum, ko ya sayi babbar molon iska ta kamfanin Wurlitzer. Akwai ma wata na'ura da ake kira Fotoplayer, piyano ce da aka rataya mata ƙararrawa da usur da ganguna da ham ɗin mota, mutum ɗaya yana jan igiyoyi yana taka fedoji. Mai ganga shi ke da alhakin faɗuwa da mari da kofaton doki. Kamfanonin fim kan aiko da takardar da ke nuna irin kiɗan da ya dace da kowane fage, a 1924 kuma Erno Rapée ya fitar da wani ƙaton littafi da ya jera kaɗe-kaɗe bisa yanayi, na gudu daban, na baƙin ciki daban, na ban dariya daban. A Japan kuwa mutum ne ke tsayawa gefen allo, ana ce masa benshi, yana ba da labari yana kwaikwayon muryoyi, har wasu suka fi 'yan wasan suna.

Sunan ma da Turawa suka ba wannan nau'in wasa, wato slapstick, sunan kayan sauti ne. Wasu filayen katakai ne guda biyu da aka haɗa gindinsu, 'yan wasan Italiya na da can suna dukan juna da su. Duka kaɗan, ƙara mai yawa. Ke nan wanda ya ce ƙarar roba da gwangwani baƙi ne a wannan sana'a bai faɗi daidai ba. Tare aka haife su. Yaron da ya kawo mana salularsa yana da hujja a tarihi.

Sai dai akwai bambancin da ba a cika lura da shi ba. Mai gangar wancan zamani yana cikin zaure ɗaya da 'yan kallo. Yana jin numfashinsu. In ya ga sun riƙe ciki suna jira, sai ya ɗaga hannu ya bar su da jiran. Duk wanda ya taɓa tsayawa a filin dambe ya san haka makaɗi nagari yake: ba kowane naushi yake bi da kiɗa ba, yana kallon ɗan dambe yana kallon taro, ya san inda zai zuga da inda zai saurara. Wanda ya zauna da salula yana liƙa ƙara a kan kowace faɗuwa ba ya jin kowa. Ya auna dariyar tun kafin a zo, ya zuba ta a mudu.

Ga misali daga cikin guntayen yaron nan. Akwai fagen da ya fi kowane shahara a aikin Buster Keaton, daga fim ɗin Steamboat Bill, Jr. na 1928. Guguwa ta taso, Keaton yana tsaye a titi ya juya wa wani gida baya. Gaban gidan gaba ɗaya ya ɓalle ya rikito a kansa, amma sai ya zamana daidai inda yake tsaye nan tagar bene ta faɗo, ya fito ta cikinta ko ƙwarzane babu. Ba dabarar kyamara ba ce, bango ne na gaske mai nauyi, kuskuren taku ɗaya da sai gawarsa. A salular yaron, tun bangon bai fara motsi ba aka saki usur mai zamewa, yana taɓa ƙasa aka saki dariyar gwangwani. Daga baya na nemo fagen na kunna wa mutanen gidan, na rage sauti gaba ɗaya. Da bangon ya taho, matar maƙwabcina ta dafe kai ta yi ƙara. Aka yi tsit na ɗan lokaci. Sai da Keaton ya waiga da fuskar nan tasa da ba ta motsi, sannan tsakar gida ta fashe. Tsoro ne ya fara zuwa, dariya ta biyo bayansa, kuma tsoron ne ya ba ta ƙarfi. Usur ɗin nan ya gaya wa mutane tun da wuri cewa wasa ne, kada su damu. Wanda bai damu ba kuwa dariyarsa ba ta wuce leɓe.

Chaplin ya fahimci wannan fiye da kowa, domin shi sauti ya zo ya same shi yana kan ganiyarsa. Lokacin da ya fitar da City Lights a 1931, Hollywood duk ta koma magana. Ya ƙi bai wa Sharlo baki, amma ya karɓi faifan sauti ya yi abin da yake so da shi. Shi ya tsara kiɗan, duk da bai iya rubuta kiɗa a takarda ba; rerawa yake yi, masana su rubuta. A littafin tarihin rayuwarsa na 1964 ya bayyana cewa masu taya shi aikin kullum so suke kiɗan ya zama abin dariya, shi kuwa so yake ya zama mai taushi da ƙasaita, don ya yi hannun riga da tsummokaran da ke jikin Sharlo. Wannan ita ce dabarar. Ido yana ganin matsiyaci da yagaggen wando, kunne yana jin kiɗan da ya dace da basarake. Kiɗan yana faɗa mana yadda mutumin yake ganin kansa a zuciyarsa, abin da hoto ba zai iya nunawa ba. Tsakanin abin da ido ya gani da abin da kunne ya ji, nan dariya da tausayi suke haɗuwa.

Dubi yadda fim ɗin ya buɗe. Manyan gari sun taru za su ƙaddamar da wani gunki na zaman lafiya da arziki. Kowane ya hau mumbari ya buɗe baki, amma abin da ke fitowa wani ƙugi ne kamar na agwagwa, ba kalma ko ɗaya. A nan Baba ya fara dariya a daren farko, ya ce ya sha jin irin wannan jawabi a rediyo. Sautin nan ra'ayi ne a kan masu mulki, kuma tsokana ce ga finafinai masu magana da suka cika gari a lokacin. Haka fagen da Sharlo ya haɗiye usur a wajen liyafa, shaƙuwa ta kama shi. Kowace shaƙuwa sai usur ya busa a cikinsa, ya hana mawaƙi waƙa, ya fita waje ya kira tasi ba da niyya ba, karnuka suka yanyame shi. A nan sautin shi ne wasan kansa. Cire shi, fagen ya mutu. Wannan ne ma'aunin da nake amfani da shi: in aka cire sauti fage bai rasa komai ba, to da ma sautin kaya ne aka ɗora masa.

Abin mamaki, dukan labarin fim ɗin a kan sauti ɗaya ya rataya. Makauniya mai sayar da furanni ta ji an rufe ƙofar wata babbar mota, sai ta ɗauka Sharlo attajiri ne. Mu 'yan kallo a fuskarta muke karanta abin da ta ji. A Modern Times na 1936 kuma ya ƙara gaba: kusan duk muryar mutum da za ka ji ta cikin na'ura take fitowa, ko mai masana'anta a allon bango yana ba da umarni, ko garmaho, ko rediyo. Ranar da Sharlo ya buɗe baki a karon farko, waƙa ya yi da wani yare na ƙarya da ba na kowa ba. Ya san ranar da Sharlo ya yi Ingilishi, ranar zai daina zama na Jula da Baule da Bahaushe.

Ban ce Chaplin bai taɓa kuskure ba. A 1942 ya sake fitar da The Gold Rush na 1925, ya cire rubutun da ke tsakanin fage da fage, ya ɗora muryarsa yana ba da labari. Kiɗan da ya sa yana da daɗi, amma muryar a wurare da yawa abin da muke gani take sake faɗa mana. A ganina na 1925 ya fi. Ko gwani, in ya rasa yarda da idon ɗan kallo, sai ya faɗa ramin da yaron salula ya faɗa.

To ina murya take da amfani a kan hoton bebe? Amsar a tsakar gidanmu na fara jin ta. Wani dare muna kallon The Kid na 1921, cajin sifika ya ƙare ana tsakiyar fagen da yaro ke jifan tagogin mutane, Sharlo ya biyo baya da gilashi a goye yana neman aikin gyara. Kafin in tashi neman waya sai na ji Baba ya karɓe. Bai ce ga yaro ya yi jifa ba, kowa ya ga wannan. Sai ya shiga bakin Sharlo yana magana da Hausar Adar: yana lissafin kuɗin haya, yana tsine wa mai gida a ransa, yana gaishe da ɗan sanda da ladabin ƙarya. Ya mai da Sharlo ɗan ci-rani wanda ya sauka a tashar Adjamé ba shi da ko dala. Waɗanda ba sa jin Hausa ma suna dariya saboda yadda muryar ke hawa da sauka.

Nan take na tuna da Moi, un noir. A 1957 Bafaranshen nan Jean Rouch ya ɗauki fim a Treichville da wasu samari 'yan Nijar da suka zo neman kuɗi, a shekarun da tashar jiragen ruwan Abijan, wadda ta samu bayan an haƙa mashigin Vridi a 1950, ke jan ƙarti daga ko'ina. Kyamararsa ƙarama ce ta hannu mai wani, ba ta ɗaukar sauti, kuma ba ta wuce 'yan daƙiƙoƙi take tsayawa. Wato fim ɗin bebe ya ɗauka, shekara talatin bayan an ce zamanin bebaye ya wuce. Samarin sun raɗa wa kansu sunayen taurarin silima: Oumarou Ganda, ɗan dako a tashar jirgi, shi ne Edward G. Robinson, Petit Touré shi ne Eddie Constantine, akwai Tarzan direban tasi, akwai budurwa Dorothy Lamour. Da aka haɗa hotunan, sai Rouch ya zaunar da Ganda a gaban allo ya ba shi makirufo, ya ce ya faɗi abin da ya zo masa. Fim ɗin ya fito a 1958, ya ci kyautar Louis Delluc a Faransa.

Ba fim ɗin barkwanci ba ne tsantsa, amma jinin Sharlo na gudana a cikinsa: talaka mai tafiyar ƙasaita, mai mafarkin zama zakaran dambe, wanda ya yi faɗa da wani Bature ma'aikacin jirgi a cikin taɓo a kan mace, aka lallasa shi. Abin da ya ɗaga fim ɗin shi ne muryar Ganda. Hoto yana nuna shi yana yawo a titi aljihu wayam, murya tana cika baki, tana zolayar masu wucewa, can kuma sai ta karye ta koma ƙorafi a kan masu motoci da masu gidaje a Plateau. A ƙarshen fim yana tafe a bakin ruwa da wani yaro, yana ba shi labarin yaƙin Indochine da ya je wa Faransa. Yana kwaikwayon harbi, yana jifa da gurneti na iska, yana zubewa ƙasa kamar gawa. In ka toshe kunne, wasan yara ne mai ban dariya. In ka saurara, tsohon soja ne da ya dawo hannu rabbana. Aikin da kiɗan Chaplin ya yi wa tsummokaran Sharlo, shi muryar Ganda ta yi wa wannan fage. Abin da kawai ke ci mini rai shi ne da Faransanci aka sa shi ya yi, kuma almakashin yanka fim a hannun Rouch yake. Ganda bai tsaya nan ba, ya koma Yamai ya riƙe kyamara da kansa, ya yi Cabascabo, sannan Le Wazzou polygame wanda ya ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1972. Ya rasu a 1981.

Mu Hausawa ba baƙi ba ne a wannan fanni. Iyayenmu a Arewacin Najeriya sun san majigi, motar silima ta zamanin Turawa da ke kafa allo a fili, tafinta yana riƙe da lasifika yana fassara hoto da Hausa. Muna da 'yan kama da 'yan gambara, waɗanda ganga ke amsa musu magana. Muna da kalangu, wanda ke furta kalma saboda harshenmu mai hawa da sauka ne. A yau ma masu fassarar finafinan Indiya irin su Algaita a Kano, in sun yi dace, ba fassara kaɗai suke yi ba, wani sabon wasa suke ginawa a kan hoton. Marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a Disambar 2014, da tafiyarsa da zare idonsa kawai yakan kayar da mutum, muryarsa kuma ta zo ta ƙarasa.

Da wannan gado a hannu, abin takaici ne yadda gajerun wasannin da samarinmu ke ɗorawa a TikTok da Facebook suka koma. Ina ganin masu yin su a nan Adjamé, wasu masu sayar da garba ne, wasu masu gyaran salula, kuma da yawansu suna da baiwar jiki ta gaske. Amma da an zo haɗawa sai a buɗe jakar sautukan da kowa ke amfani da ita daga Legas har Dakar: ƙarar roba ɗaya, kukan jariri ɗaya, dariyar gwangwani ɗaya. Na san dalilinsu. Mai kallo a salula babban yatsansa a shirye yake, in daƙiƙa uku ta wuce ba abin da ya fashe sai ya wuce gaba. Hujja ce mai ƙarfi, ban raina ta ba. Sai dai abin da take haifarwa shi ne ɗan wasa ya daina koyon jira, ya daina koyon yadda ake gina faɗuwa tun daga taku na farko, tunda ya san na'ura za ta rufa masa asiri. Kuma wasan da aka yi a Williamsville ya zama ba a bambanta shi da na ko'ina, alhali a bakin ƙofarmu akwai ihun yaran gbaka masu kiran fasinja, da ƙarar mai a kaskon soya kifi, da kiran salla daga masallatai uku a lokaci guda.

Shawarata ga ƙannena masu wannan sana'a gajera ce. In kun gama ɗauka, ku kashe sauti ku nuna wa wanda ba ya jin yarenku. In bai yi dariya ba, ku koma ku sake wasan, gwangwani ba zai gyara shi ba. In ya yi, to ku tambayi kanku me kunne zai ƙara wanda ido bai samu ba. Wataƙila kalangu ne da zai yi gulmar ɗan wasan, wataƙila muryar zuciyarsa ce, wataƙila shiru ne.

A gidanmu dai yanzu an saba. Duk daren Asabar in na fito da kwamfuta, yara da kansu suke cewa kada in haɗa sifika, a jira Baba ya idar da shafa'i da wuturi. Allah ya ƙara masa lafiya, mu kuma ya sa mu dace.